Wankan Haramin Yaya Tanko a Yalamlam

Makka

Ba a kira sallar asuba ba muka ja ƙofar ɗakinmu a unguwar Jarwal, ni da maigidana, muka gangara inda manyan motoci masu bin hanyar Yaman suke lodi. Lokacin sanyi ne, 'yan shekaru bayan ƙarewar babban yaƙin Turawa. Ku na gida da kuka daɗe kuna aiko alhazai su tambaye ni yadda Yaya Tanko ya ƙare, ga labarin daki-daki daga bakin wadda ta gani, don kada wani ya ƙara masa gishiri a hanya.

Abin da ya ta da mu shi ne wani Batakare, yadda ake kiran mutanenmu a nan, ɗan dako da ya tsaya gaban tandata ta waina, ya ce ko ni ce Auta 'yar bakin kogin Watari. Rabona da jin wannan suna tun ina amarya. Ya ce jirgin ruwa ya sauke mutanenmu a gaɓar Lis, can kudu, kuma a cikinsu akwai wani tsoho da yake tare kowa yana tambayar ƙanwarsa da ke Makka, sai ka ce Makka ƙauye ce mai gida goma. Ina jin haka na ce wannan Yaya ne, ba wani mai wannan ƙarfin halin. Wainar da ke kan wuta ranar ƙonewa ta yi.

Fiye da shekara ashirin ban sa shi a ido ba. Shi ya ɗaukar mini kaya har bayan gari ranar da na biyo mijina gabas a ƙasa. Daga baya shi ma ya taso da matarsa, Yaya Kande, suka yi shekaru suna cirar auduga a Sudan kafin su sami abin ƙetare teku. Ba lokacin Hajji ba ne. Nufinmu mu kawo shi ya yi Umara, ya zauna wurinmu har ranar Arfa ta zagayo. Shi dai abu ɗaya ya fitar da shi daga gonarsa da tsufansa, ya ga Ɗakin Allah da idonsa.

Maigidana, wanda nake kira Malam, ɗaukar ruwa yake yi a gidajen Larabawa. Mutum ne da in na yi magana goma zai yi ɗaya, ita ma ɗayar yawanci “to” ce. Shi ya sama mana wuri a bayan wata mota mai ɗauke da buhunan shinkafa da garewanin kananzir. A bakin gari askarawa suka tsayar da mu, suka duba takardunmu da fitila, ɗaya ya tambaye ni ina za ni. Na ce za ni ɗauko yayana. Ya ce Allah ya sada mu, muka wuce.

Hanyar kudu

Hanya ba hanya ba ce, sawun tayar waɗanda suka riga mu kawai ake bi. Duwatsu masu tsawo suna hagunmu can nesa, teku tana wani wuri a dama ba ma ganinta, tsakani kuwa fili ne da ƙayoyi da busassun kwaruruka da suke gangarowa daga duwatsun su nufi teku. Larabawa wadi suke ce musu. Duk wanda muka isa bakinsa, direba sai ya tsaya ya sauko, ya sa hannu a goshi ya daɗe yana kallon kan duwatsu, sannan ya shiga da gudu ya ƙetare.

Wani baƙo da ke kusa da ni ya yi tsaki, ya ce direban nan ɓata mana lokaci yake yi. Na ce masa ya yi shiru ya bar mutum ya yi aikinsa. Ni na san abin da ake dubawa. A Makka ma na ga ruwan da suke kira saili da idona, shekarar da ya gangaro daga duwatsu ya cika Harami har mutane suka yi ɗawafi da iyo. Ranar maƙwabciyata ta rasa akuyoyinta da rabin ɗakinta kafin ta gama ɗaura zane. Ƙasar nan dutse ce, ba ta shan ruwa. Abin da ya zuba a sama duka yake tattaruwa ya sauko lokaci ɗaya.

Da la'asar muka sauka a Sa'adiyya, bakin kwarin Yalamlam, inda masu fitowa daga kudu suke ɗaura harami. Rijiya ce da ƙaramin masallaci da rumfunan shayi biyu ko uku. Muka ci gurasa da wake, muka sha shayi mai sukarin da ya fi ƙarfin haƙorana, muka kwana a gadajen igiya. Na dubi kwarin nan, yashi fari tas, shimfiɗe, ko alamar danshi babu. Na ce wa Malam nan za mu ɗaura wa Yaya harami in mun dawo. Ya ce to.

Lis

Washegari bayan azahar warin kifi ya tare mu tun kafin mu ga teku. Lis gari ne na masunta, zafi ko da sanyi, ƙudaje kuwa ba a magana. Takaru 'yan'uwanmu suna can gefe cikin bukkoki, a gidan wata Inna Hauwa mai shanya kifi aka sauke baƙin jirgin.

Na shiga ina raba ido, ina neman ƙaton mutumin da na sani. Sai wani tsoho siriri mai farin gemu ya miƙe daga tabarma, ya ƙare mini kallo sama da ƙasa.

“Auta, ashe wainar da kike sayar wa alhazai ke kike cinye rabi.”

Na durƙusa in gaishe shi, kuka ya hana. Shi ma ya juya baya yana faɗan hayaƙin kifi ya shiga masa ido. Yaya Kande ta rungume ni, ita ma duk ta ƙare, tafin hannunta kamar ɓawon itace saboda auduga. A zaman nan na ji Inna mahaifiyarmu ta rasu tun shekarar da suka taso, na ji wane da wane ba su. Ban san wanda zan fara yi wa kuka ba.

Bukkar Inna Hauwa a kan tudu take, sai an hau da ƙyar. Yaya ya tambaye ta me ya sa ta wahalar da kanta ga fili a ƙasa shimfiɗe. Ta ce a ƙasan take da, har ruwa ya ɗauke mata bukka da kifin shekara guda. Ya ce ruwan teku? Ta ce na sama, wanda ake yi a kan duwatsu. Ya tambaya sau nawa yake zuwa a shekara, don manomi ne, komai na ruwa sai ya ji lissafinsa. Ta ce ba shi da lissafi. Wani lokaci a haifi yaro har ya fara kiwon awaki bai ga ɗigon ruwan sama ba, wani lokaci kuma cikin sanyi ɗaya ya sauko sau biyu ko uku, ya ratsa gari ya faɗa teku, tekun ta yi ja har nesa. Yaya ya yi dariya ya ce ƙasar da ake damina da ɗari, lalle sai a hankali.

Direban da ya kawo mu ya ƙi ɗaukar su Yaya, ya ce marasa takarda za su ja masa tsiya wurin askarawa. Na yi masa magiya da Larabci, na zage shi da Hausa, duk bai motsa ba. Dole muka nemi raƙuma. Wani Balaraben ƙauye mai suna Mubarak ya yarda ya kai mu da raƙuma biyu, mata su hau ɗaya, maza su riƙa karɓa-karɓa a ɗayan.

Komowa

Da sassafe muke tafiya, mu fake in rana ta take, mu sake tashi da la'asar. Kwanakin nan su ne rabona da Yaya a duniya, kuma wallahi da faɗa muka cinye rabinsu. Ya ce Hausata ta lalace, ina cewa “yalla” kamar mai korar jaki. Na ce shi kuma shekarunsa a Sudan ko gaisuwa bai iya ba. Duk dutsen da muka hango sai ya tambaya ko bayansa Makka take. Ya sa Malam ya yi ta maimaita masa Labbaika har ta zauna masa, yana yi yana gyara murya.

A rana ta biyu muka ratsa wata fadama, sai ga gero da dawa kore shar a tsakiyar wannan ƙeƙasasshiyar ƙasa. Yaya ya tsaya cak. Ya shiga ya murza zangarniya, ya ɗebi ƙasa ya shinshina. Malam ya fassara masa bayanin Mubarak, cewa in saili ya sauko ya malale wurin, sai a bi sawunsa a yi shuka, kuma wannan shan ɗaya ya ishi amfanin har girbi. Yaya ya ce to ashe abin alheri ne muke ta ba shi tsoro da shi.

Yalamlam

Da hantsi muka iso Sa'adiyya a rana ta uku. Mun tarar da ayarin Yamalawa, mutanen Yaman, sun cika bakin rijiya da raƙumansu, don haka Mubarak ya sauke mu a kan gaɓa, can sama da rijiyar, ƙarƙashin wata ƙaya. Ya ja raƙuma ya tafi layin ruwa, Malam ya bi shi da salkuna. Kafin Mubarak ya tafi ya nuna kwarin da sandarsa ya girgiza kai, kowa ya gane nufinsa.

Yaya ya zauna yana kallon yashin nan. Can ya ce wannan ai Watari ce da rani. Kun san yadda muke yi a gida in kogi ya ƙafe, a shiga tsakiya a tona yashi da ƙoƙo, ruwa ya tsattsafo, a jira ya kwanta a ɗiba. Kafin in ankara ya ɗauki ƙoƙon Yaya Kande ya gangara. Na bi shi da kira, ya ɗaga mini hannu.

Bai daɗe ba ya hawo, gwiwoyinsa duk yashi, ƙoƙo cike a hannu biyu, fuskarsa kamar ta yaro. Tun da ya bar gida, in ji shi, bai sha ruwan da ya tona da hannunsa ba. Ya ba matarsa ta sha, ya ba ni. Ruwan sanyi ƙarara, ba gishiri ko kaɗan. Ban taɓa shan mai daɗinsa a ƙasar nan ba, ba zan yi ƙarya ba.

Sai ya kwance ƙullinsa ya fito da fararen mayafansa biyu, ya ce da ruwan nan zai yi wankan harami, ba da wanda raƙuma suka dagula ba.

Na ce ba zai koma ba. Na nuna masa gabas, inda kan duwatsu ya yi baƙi tun safe. Na ce a nan yanzu ne lokacin ruwa, kuma ba ya jiran hadari ya zo kanka. Na ba shi labarin Harami, na tuna masa bukkar Inna Hauwa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, rana fes, ko gajimare babu. Ya juya ya shaƙi iska ta kowace kusurwa, yadda yake yi a gona tun ina ƙarama, kuma a gida bai taɓa kuskure ba.

“Auta, shekara sittin ina karanta hadari. Wancan ko gudu yake yi ba zai iso yau ba.”

“Yaya, ba hadarin ne zai zo ba, ruwan ne. Don girman Allah ka jira Malam.”

Na riƙe masa hannun riga. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, ya ce ashe har yanzu ban bar rigimar ƙuruciya ba, yanzun nan zai fito. Yaya Kande ta ce in ƙyale shi, in ya ƙudura abu ko Inna da ta haife shi ba ta iya juya shi ba. Ya gangara, ya bi ta bayan wata kwana inda gaɓa ta kare shi daga idon mata.

Na kasa zama. Na tsaya a bakin gaɓa, ido ɗaya a gabas, ɗaya a kwanar. Lokaci ya ɗan ja. Sai muka ji muryarsa ta taso daga ƙasa, da ƙarfi, ba gargada ko ɗaya: Labbaikallahumma labbaik. Ya yi wanka ke nan, ya ɗaura, ya yi niyya. Yaya Kande ta rufe baki tana dariya tana hawaye, ta ce ji shi, ko liman.

Iska mai sanyi ce ta fara bugo ni, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannan wani ruri daga sama, kamar motoci da yawa sun taho tare. A bakin rijiya mutane suka ɗauki ihu, “Saili! Saili!” Na buɗe maƙogwaro na kira Yaya har muryata ta tsage. Abin da ya karyo kwanar sama bai yi kama da ruwa ba, tudu ne na laka ja da itatuwa da duwatsu yana tafiya, ya fi tsayin mutum. Na hango farin mayafi ya fito daga bayan kwana yana nufo gaɓa, yashi yana riƙe masa ƙafa. Ya ɗago kai ya dube mu. Daga nan ban ƙara ganinsa ba.

Ko ɗigo ɗaya bai sauka a kanmu ba ranar. Rana tana nan yadda take. Malam ne ya rugo daga rijiya ya riƙe Yaya Kande da ta nufi ruwan, ni kuwa an ce zama na yi a ƙasa ina ta faɗa da Yaya, ina cewa ai na gaya maka.

Gaɓar teku

Kafin magariba ruwan ya ja, ya bar laka da gawar awaki. Da gari ya waye muka bi kwarin yamma. Mubarak, Allah ya saka masa, bai ce wannan ba ya cikin jingarmu ba, ya ja raƙumansa ya shige gaba. Duk tarin itace sai mun ɗaga, duk farin abu sai na ruga na duba. Makiyaya suka riƙa fitowa suna taya mu, ba mu san su ba, ba su san mu ba.

A rana ta biyu, inda kwarin yake bajewa kusa da teku, wasu masunta suka yafito mu. Sun same shi a sarƙe cikin saiwar wata bishiya, sun jawo shi inuwa. Mayafin sama ya tafi, na ƙasa yana nan a ɗaure tam, irin ɗaurin da yake yi wa damin gero. Tekun a gabanmu ja wur.

Dattijon masuntan ya ce tun yana yaro kwarin nan yake kawo musu mutane. Malam ya tambaye shi ko kullum haka ne. Ya ce a'a, yakan yi shekaru har a manta da shi, yara su yi wasa a ciki, baƙi su kafa tanti, sannan ya zo. Ya nuna mana wasu duwatsu jere a kan tudu, ya ce yawancin na kwance a nan baƙi ne.

Da aka wanke shi, Yaya Kande ta kwance mayafinta za ta rufe masa fuska da kai yadda ake yi a gida. Dattijon ya tare ta. Ta dube ni a fusace, ta ce wane irin mutane ne waɗannan da za su binne mata miji kai a waje. Ranar ce na ji Malam ya yi doguwar magana. Ya durƙusa gabanta ya ce Yaya da harami ya rasu, ba a rufe masa kai, ba a sa masa turare, haka malamai suka ce, domin yana cikin ibadarsa bai fita ba, kuma ranar tashi da Labbaika a bakinsa zai tashi. Sai ta tambaya ko an tabbata ya yi niyya. Na ce ni da ke muka ji shi. Ta naɗe mayafinta, Malam ya ba da nasa haramin da ya taho da shi aka cike likkafani.

Makka

Dole muka koma Sa'adiyya, don Yaya Kande ba ta ɗaura nata ba. Da ruwan rijiya ta yi wanka, a bayan masallaci, ina riƙe mata zane. Kwarin ya bushe ya koma fari, har wasu baƙi sun sauke kaya a inuwar gaɓarsa. Na gangara na yi musu tas da Larabcin da Yaya yake yi wa dariya, sai da suka kwashe suka hau tudu suna cewa tsohuwar nan ba ta da hankali.

Daga nan ba mu ƙara yin hira ba. Ita ke Labbaika a kan raƙumi, ƙasa-ƙasa, muna amsawa. A bakin gari askari ya nemi takardarta, Mubarak ya yi masa magana a kunne, ya dube ta ya kau da kai ya ce mu wuce. Godiya ta tabbata ga Allah da ya dawo da mu, ina kuma gode wa Mubarak da Inna Hauwa da masuntan da ban san sunansu ba. Ku na gida, duk mai niyyar tahowa ta wannan gaɓa ku gaya masa, komai farin yashi kada ya shiga, ko da rana tana tsaka.

Na so mu fara biyawa gida ta huta, ta ce a'a. Da walaha muka shiga Harami, na riƙe hannunta muna ratsa ginshiƙai. Malam ya gaya mata addu'ar ganin farko karɓaɓɓiya ce, ta shirya abin da za ta roƙa. Muka fito fili, ga Ɗakin a gabanmu. Ta tsaya. Na jira in ji addu'a, sai na ga ta juya gefen damanta, inda ya saba tafiya shekara da shekaru, ta ce a hankali:

“Maigida, ga shi nan. Mun iso.”